Fasfo Ya Sauka Ko Ya Zauna A Jirgi?

Jirgin ruwan yawon shaƙatawa yakan iso tasha ne da sassafe, mutane ba su ma gama karin kumallo ba. A ɗaure shi da igiyoyi, a miƙa tsanin sauka, jami'an shige da fice su ba da izini, sai a sanar a lasifika cewa mai son ganin gari ya fito. A daidai wannan lokaci, cikin dubban ɗakuna, za ka tarar da mutum tsaye gaban ɗan akwatin ƙarfen da ke cikin kabad, ya ɗauki fasfo ya mayar, ya sake ɗauka. Jirgi irin Icon of the Seas, wanda ya fara jigila a 2024, yana iya kwasar fasinja 7,600. Ke nan a safiya guda sai an yanke dubban hukunci a kan tambaya ɗaya. Kuma da yake akwai ma'aurata da yawa a ciki, ba kowane hukunci ake yankewa cikin lumana ba.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, a mafi yawan tashoshi ba fasfo ke fitar da mutum daga jirgi ba, ba shi ke mayar da shi ba. Ranar da aka hau, ana ba kowa katin roba mai ɗauke da sunansa. Kamfanin Royal Caribbean na kiran nasa SeaPass, Carnival na kiran nasa Sail & Sign, Princess kuwa wani ɗan kewayayyen abu yake bayarwa a rataya a wuya ko a ɗaura a hannu. Shi ne makullin ɗaki, da shi ake sayayya a cikin jirgi, shi kuma ake nunawa a bakin tsani. Mai gadi ya goga shi a na'ura, hotonka ya bayyana, ya dube ka ya dubi hoton, kwamfuta ta rubuta ka fita. Idan ka dawo ta rubuta ka dawo. Saboda haka ko da yaushe jirgi ya san wanda ke ciki da wanda ke gari yana cinikin hular rana.

A kan maganar fita da fasfo ko barinsa aka rabu gida biyu, 'yan aljihu da 'yan akwati, kuma kowane ɓangare na da hujjar da ba a rainawa.

'Yan aljihu suna cewa ka ƙaddara jirgi ya tafi ya bar ka, ko ka faɗi a gari an kwashe ka zuwa asibiti. Ga ka a ƙasar mutane, duk shaidar da ke hannunka katin roba ne da ke buɗe ƙofa guda, ƙofar kuma tana tsakiyar teku tana ƙara nisa. Babu jirgin saman da zai ɗauke ka ya tsallaka da kai wata ƙasa ba tare da fasfo ba. 'Yan akwati su ce sun ji, amma a duba inda jiragen ke tsayawa. A Barcelona akwai titin La Rambla, a Roma akwai bas mai lamba 64 da ke tashi daga tashar Termini zuwa wajen Vatican, kuma duk wuraren nan biyu sun yi suna wajen yankan aljihu. Fasinjan jirgi kuwa ba ya ɓuya. Yana tafe a cikin ayari, da kati rataye a wuya, idonsa na kan gine-gine, hankalinsa na kan agogo. Idan ya sa fasfo a aljihun baya, abin da ya rage kawai a zo a karɓa. Sai kuma maganar ruwa. Rabin abin da ake fita yi a tsibiran Karibiyan wanka ne a teku, fasfo kuwa bai iya ruwa ba. Idan ya jiƙe, hatimai suka narke, shafin hoto ya ɗago, jami'in shige da fice na da ikon ya ƙi karɓarsa, kuma ba zai tambaye ka ko wankan ya yi daɗi ba.

Ni ina tare da 'yan akwati, kuma dalilina bai tsaya ga tsoron ɓarayi ba. Dalilin yana cikin abin da jirgi ke yi idan mutum ya makara. Ana sa lokacin da kowa zai kasance a ciki, galibi rabin awa kafin tashi. Da lokacin ya wuce, kwamfuta za ta fitar da sunayen waɗanda ba su dawo ba. A kira su a lasifika, duk jirgi ya ji. A buga waya ɗakinsu. Idan shiru, jami'an tsaro su shiga ɗakin, su buɗe akwatin ƙarfe, su ɗauko fasfo su miƙa wa wakilin kamfani da ke tashar, shi kuma ya tsaya yana jiran mai shi. Wannan al'ada ce ta manyan kamfanoni, ba alkawari ne da suka sa wa hannu ba, amma ana yi. Ma'ana, fasfon da aka bari a akwati yana da hanyar da zai biyo mai shi. Wanda aka yanke a La Rambla ba shi da wannan hanyar.

A nan nake roƙon mutanenmu masu basirar ɓoye kaya su saurare ni da kyau. Jami'in tsaron nan 'yan mintoci gare shi, kyaftin na jiransa. Akwatin ƙarfe zai buɗe, shi ke nan. Ba zai ɗaga katifa ba. Ba zai zazzage safa ba. Ba zai laluba aljihun babbar riga ta uku daga hagu ba, balle ya kwance ledar kilishi ya ga ko an naɗe wani abu a ƙasa. Duk wanda ya yi wa fasfonsa maɓoyar da ɓarawo ba zai gano ba, to mai cetonsa ma ba zai gano ba, fasfon zai ci gaba da yawon shaƙatawa shi kaɗai har ƙarshen tafiya, a cikin ɗakin da aka riga aka biya masa.

Abin da ya faru a São Tomé a watan Maris na 2024 ya isa misali. Jirgin Norwegian Dawn ya tsaya a tsibirin, aka ce kowa ya dawo da ƙarfe 3 na rana. Fasinja takwas, Amurkawa da 'yan Ostareliya, suka fita yawo da wani mai jagora da suka ɗauka da kansu, suka makara. Da suka iso, jirgin na nan a kan ruwa suna hangensa, har masu gadin teku na ƙasar suka kai su kusa da shi a kwale-kwale, amma ba a bar su sun hau ba. Kamfanin ya ce ya miƙa fasfunansu ga wakilinsa na tashar. Da waɗannan fasfunan suka bi jirgin ta sama da ƙasa, suka kai Banjul, can kuma jirgin ya kasa tsayawa saboda yanayin ruwa, sai a Dakar suka same shi bayan kwanaki. Sun sha wahala ƙwarai, wasunsu ma magungunansu na cikin jirgi. Amma a lura, ba rashin fasfo ne ya jefa su cikin wannan hali ba. Agogo ne.

To, ba ko'ina wannan hukunci ke aiki ba. Akwai inda dole fasfo ya sauka, kuma jirgi zai faɗa a takardar shirye-shiryen gobe da ake ajiyewa a ɗaki da daddare ko a tura ta manhajar waya. A karanta ta, ba don a yi fifita aka kawo ta ba. A Japan doka ta wajabta wa baƙo ya riƙe fasfonsa ko takardar izinin saukarsa a jikinsa, kuma tarar saɓawa na iya kaiwa yen 100,000. A Italiya ɗan sanda na da ikon ya nemi fasfon baƙo, kwafi kuwa ba fasfo ba ne a idon doka, duk da cewa tsakanin Barcelona da Marseille da Civitavecchia babu shingen iyaka, tunda duk yankin Schengen ne. A Skagway ta Alaska, wanda zai hau jirgin ƙasan White Pass ya sauka a cikin Kanada dole ya riƙe fasfo, don iyaka zai tsallaka, mai fasfon Najeriya kuma sai ya haɗa da bizar Kanada. Haka nan mai niyyar hayar mota, ko mai son a cike masa takardar mayar da harajin kayan da ya saya a Turai, ana iya tambayarsa. Wani lokacin ma tambayar ba ta tasowa, domin jirgin ne da kansa ke karɓe fasfunan kowa ya tara a ofishinsa, jami'an ƙasa su hau su buga hatimi gaba ɗaya. Alhazan da suka yi zamani da mutawwifai masu karɓe fasfo tun daga Jidda sun san irin wannan tsari, sun kuma san ana mayarwa.

Akwai abin da mai koren fasfo zai auna wanda Ba'amurke ba ya aunawa. Ba'amurken da ya tashi daga Miami zai dawo Miami, dokar ƙasarsa ta yarda ya hau da takardar haihuwa da katin shaida kawai, kuma idan ya yar da fasfo, ofishin jakadancinsa na iya ba shi na gaggawa ya ci gaba da harkarsa. Namu ba haka yake ba. Bizar da aka yi watanni ana nema, aka kai takardun banki, aka dangwala yatsu, aka biya kuɗin da ba a mayarwa, a jikin shafin fasfon take liƙe. Ranar da fasfo ya tafi, da ita ya tafi, da sauran bizojin da ke maƙwabtaka da ita. Ofishin jakadancin Najeriya na ba da takardar tafiya ta gaggawa, amma wannan takarda hanya ɗaya ta sani, hanyar gida. Kuma ofishin yana babban birni ne, Roma ko Madrid, ba a bakin teku inda abin ya faru ba. Saboda haka asarar fasfo a wurinmu ta fi makara tsada nesa ba kusa ba. Wanda ya makara ya rasa kwana ɗaya ko biyu da kuɗin tikiti. Wanda aka sace wa fasfo ya rasa tafiyar, wataƙila har da ta baɗi.

Mafi munin tsari shi ne wanda iyali ke yi ba tare da sun yi shawara ba. Ana jin sa kullum a bakin tsani, layi na jira a baya:

"Alhaji, fasfunan fa?"

"Suna wurinki mana, Hajiya."

"Wurina kuma? Ai kai na gani jiya da daddare kana ƙirga su."

Daga ƙarshe a same su a ƙasan jakar Hajiya, duka biyun. A shiga gari, rana ta yi zafi, Hajiya ta gaji ta ce za ta koma ta kishingiɗa, Alhaji ya ce zai ɗan ƙara duba agogunan hannu. Ta hau jirgi da jakarta. Shi ya makara. Jami'ai su buɗe akwatin ƙarfe su tarar babu komai, Hajiya na can bene na goma sha biyu tana barci a kan kujerar bakin tafki, ba ta ji an kira suna ba. Yanzu Alhaji ba ya cikin 'yan aljihu, ba ya cikin 'yan akwati. Don Allah a yanke wannan magana tun da daddare. Idan za a bari, a bar duka a akwati. Idan za a ɗauka, kowa ya riƙe nasa.

Wanda dole ta sa ya ɗauka, ya sa shi cikin leda mai zif, ya sa ledar cikin lalita ko jakar wuya, ƙarƙashin tufafi. Ya kuma daina taɓa wurin. Mutumin da ke dafa ƙirjinsa duk bayan taku goma don ya tabbatar fasfo na nan, ya riga ya sanar da duk titi inda yake.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce uwar matsalar. Jirgi na da nasa agogon, kuma ba dole ya dace da na gari ba. Jirgin da ya taso daga Florida da bazararsu ya nufi Cozumel ta Meziko zai tarar tsibirin na bayansa da awa ɗaya, wasu jiragen kuma ba sa canza agogonsu. Wayar hannu, da ta kama sabis ɗin gari, sai ta gyara kanta ba ta yi shawara da kowa ba. Mutum na zaune yana shan ruwan kwakwa, wayarsa na ce masa ƙarfe 4, saura awa guda, alhali a jirgi ƙarfe 5 ta yi, ana kwance igiya. Daga nan ake samun masu gudu a kan gadar tasha, silifas a hannu, ledojin tsaraba na dukan ƙafa, ɗaruruwan mutane a baranda suna tafi suna ɗauka a waya. Kyaftin ba mugunta yake yi ba. An ba shi lokacin barin tasha, matuƙin da zai fitar da shi daga mashigi yana jira, akwai cikar ruwa da janyewarsa, kuma duk awar da ya ɓata sai ya ƙona mai ya rama ta. Waɗanda ake jira su ne waɗanda suka fita da ayarin da jirgin ya shirya da kansa, ko kuma kamfani ya ɗauki nauyin kai su tasha ta gaba.

Don haka abin da za a fita da shi ranar da jirgi bai ce a ɗauki fasfo ba: katin jirgi, wani katin shaida mai hoto kamar lasisin tuƙi, kwafin shafin fasfo da na biza, katin banki guda da 'yan kuɗi, maganin da ake sha kullum, da agogon hannu na allura wanda aka saita da na jirgi. Suna da lambar wakilin tasha suna cikin takardar nan ta dare. A kwafe su da biro a takarda a sa a aljihu, domin wayar da aka wuni ana ɗaukar hoto da ita, wajen la'asar take mutuwa.