Zuwa ga Bakaben da ya koma yi wa kifi bauta

Bakabe, bawana, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka fara zuwa ka faɗi ka kwashi gaisuwa. Labari ya iso mana Katsina cewa ka sayo akwatin gilashi ka girke a falo, ka cika shi da ruwa, ka dasa ciyawa a ciki, wai kifi za ka kiwata, kuma ba don miya ba, don kallo. Da farko na ce sharri ake yi maka. Jikan masu homa da gora, ɗan garin da tun 1934 ake tara jama'a a bakin kogin Matan Fada don a ga wanda zai fito da giwan ruwa mafi girma, shi ne yau zai durƙusa gaban kifin da bai kai ɗan yatsa ba yana duba ko ya ƙoshi? Ashe gaskiya ne. Har an ce ran da akwatin ya iso ka antaya kifayen ciki, mako bai zagayo ba ka yi jana'izar mafi yawansu.

To, tunda Allah ya ɗora mana nauyin kula da ku, gyara zama in koya maka.

Ciwonka na gado ne. Ku a Argungu da an ba da alama sai ku ruga ku faɗa ruwa, cikin sa'a guda an kama, an auna, an raba kyauta. Sana'ar kiwon kifi a akwati kuwa ba ta san gaggawa ba, domin ruwan ake fara reno kafin kifin. Kifi yana fitar da amoniya ta numfashinsa da kashinsa, ragowar abincin da ya ruɓe ma yana ƙara ta. A gulbi ruwa ne ke wucewa da ita. A akwatinka kuwa ba ta da wurin zuwa, sai ta taru ta ƙone wa kifi wurin shaƙar iska. Masu ceto wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani, da ke zama a jikin soson matatar ruwa da cikin yashi. Wasunsu su juya amoniya ta zama naitirait, wadda ita ma guba ce, wasu kuma su juya wannan ta zama naitiret, wadda tsirrai ke sha a matsayin taki. Kafin su yi yawan da za su iya aikin, sai an ɗauki mako 4 zuwa 6. A tsawon lokacin nan matata na aiki, tsirrai na ciki, kai kuma kullum kana barbaɗa ɗan abincin kifi a ruwan da babu kifi ko ɗaya, kana gwadawa da 'yan kwalaben awo har ka ga amoniya da naitirait sun sauka zuwa sifili. Na san maƙwabta za su ce Bakabe ya taɓu, yana ciyar da ruwa. Ƙyale su, ai ba yau suka fara faɗa ba.

Akwatin da ka saya ban ga laifinsa ba, in dai gaskiya ne tsawonsa santimita 60 ne, yana cin kamar lita 54. Waɗannan 'yan ƙananan masu kama da tulu da ake sayarwa sun fi wuyar riƙo, don ruwa kaɗan nan da nan yake ɓaci. Sai dai ka tuna kowace lita kilo guda ce. In ka haɗa da yashi da duwatsu da gilashin kansa, kana maganar kusan kilo 70, saboda haka sauke shi daga kan teburin roban nan kafin uwargida ta tashi da asuba ta tarar da Matan Fada a falonta. Ka kuma janye shi daga taga.

Ruwan famfo akwai kulorin a ciki, wanda aka zuba musamman don ya kashe ƙwayoyin cuta, kuma ba ya bambance na kirki da na banza. Akwai maganin ɗigawa da ke kashe kaifinsa, ka saya. Soson matata in ya yi datti, a ruwan da ka kwaso daga akwatin za ka matse shi, ba a bakin famfo ba, sabulu kuwa ko kusa kada ya zo.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Littattafan wannan harka galibi mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta su, shi ya sa abu na farko da za su ce ka saya shi ne hita. An ce kai ma ka saya, ka jona, a watan Afrilu, a Argungu, inda zafin rana ke haura digiri 40. Bakabe, kiwo kake ko farfesu? Yawancin kifayen ado sun fi jin daɗi tsakanin digiri 24 da 27, kuma ruwa in ya ɗumama iskar da ke cikinsa raguwa take yi, shi ya sa za ka ga kifi ya taso sama yana haki. Abin da kake bukata a bazara ƙaramar fanka ce da za ta riƙa hura saman ruwan, tana iya sauke zafin da digiri biyu ko uku, kai kuma kana cike gurbin abin da ya tashi. Hita ka ajiye ta sai daren hunturu, tsakanin Disamba da Janairu. Sai batun wuta. Matatar da ke rufe cikin gwangwani, in aka ɗauke wuta na wasu sa'o'i, ƙwayoyin da ka yi wata guda kana reno sai su fara mutuwa don rashin iska. A wurinmu matatar soso ce sarauniya: soso ne kawai da ɗan famfon iska mai cin wuta kaɗan, akwai ma wanda ake jonawa da batirin cajin waya. Ba ta da kyan gani, amma kai ma ai haka muke zaune da kai. Tukunyar iskar kabon da ka gani a hotuna kuwa, bar ta tukuna, ba ta sabon shiga ba ce.

Tsiron da ka saya da tsada, mai faɗin ganyen nan mai duhun kore da ake kira Anubias, ka san daga ina ya fito? Daga rafukan dazukan kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru da maƙwabtansu. Nau'in da ya fi yaɗuwa, barteri, sunan Charles Barter ya ci, wani Bature mai tattara tsirrai da ya biyo tawagar Baikie ta kogin Kwara a 1857, ya rasu a 1859 a Rabba, ƙasar Nupawa, wasu bayin namu. Yau ana renon tsiron a gonakin gilashi na Denmak ana sayar wa duniya, ga shi ya zagayo ya dawo gida ka biya kuɗin jirginsa. Ba laifi, tsiro ne mai haƙuri, ba ya son haske mai yawa, kifi ba sa cin ganyensa. Amma an ce ka binne shi kamar rogo. Kaurin jijiyar nan da ke kwance, wadda ganye ke fitowa daga jikinta, in ta shiga ƙasa ruɓewa take yi. Ɗaure ta za ka yi da zare a jikin dutse ko itace, da kanta za ta kama. Haka ake yi wa ganyen Jaba, ɗan kudu maso gabashin Asiya. Mai dogon ganye kamar albasa, Vallisneria, shi ne na shukawa a yashi, a jera shi ta baya. In kana son na kyauta, kainuwa na nan a kududdufi. Ka wanke ta sosai, ka ajiye ta a bokiti na wasu kwanaki kafin ta shiga, za ta shanye maka datti ta yi wa kifi inuwa, sai dai ka riƙa rage ta, in ba haka ba ta rufe sama na ƙasa su rasa haske.

Fitilar LED ta isa, awa 6 zuwa 8 a rana. Ka wuce haka gansakuka ta mamaye gilashin. Takashi Amano, mutumin Niigata ta Japan da ya mayar da shuka a ruwa fasaha, wanda kafin rasuwarsa a 2015 ya shirya wani akwati mai lita 160,000 a Lisbon, da wani ɗan jatan lande yake yaƙar gansakuka, har yau sunansa ake kiran halittar da shi. In ka samu ka zuba. Na ce ka zuba a akwati, Bakabe.

Ranar da awo ya nuna ruwa ya nuna, kada ka aika yaro gulbi. Tarwaɗa za ta haɗiye kowa, karfasa ta tone duk abin da ka dasa, kifin zinariya kuma ya cinye ganye ya girma ya fi ƙarfin wurin. Neon, mai jan layi da shuɗi, ɗan yankin Amazon ne, zafinmu na wahalar da shi. Gofi ya fi jure ɗumi da ruwan burtsatse, ka fara da kaɗan, bayan mako biyu ka ƙara. In kishin ƙasa ya motsa maka, akwai kiribensis na yankin Neja Delta, mace da namiji, ka kife musu ɓawon kwakwa su yi ɗaki, ko gardneri na rafukan Binuwai da Kuros Riba, amma shi sai da murfi don tsalle gare shi. Abinci sau ɗaya a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu. Duk mako ka kwashe rubu'in ruwan ka zuba sabo, tsohon ka ba shukar uwargida.

Ina nan tafe ran Cika-ciki karɓar kuɗin shara, ka tanada. Zan ƙirga kifayen da kaina, kuma in lissafi bai cika ba, ba zan saurari zancen amoniya ba, kicin zan wuce in buɗe tukunya.