Askin Kakanni a Farashin Jikoki

A Amurka da Turai akwai wasu magidanta, da hankalinsu da aikinsu da iyalinsu, waɗanda suka mai da aske gemu hidima mai sharuɗɗa. Sun juya wa rezar roba ta kanti baya, sun bazama eBay da kasuwannin gwanjo suna farautar tsohon gidan reza na ƙarfe, irin wanda ake kwance kansa a ɗora reza mai baki biyu a ɗaure. Ka tambaye su dalili, sai su ce wai tattali suke yi.

Abin ya samo asali ne daga King Camp Gillette, wanda ya fara sayar da irin wannan gidan reza a 1903. A shekarar nan guda 51 kacal ya sayar. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙara buɗe masa kasuwa, domin an raba wa sojojin Amurka, suka koma gida sun saba da shi. Daga baya kamfanin ya shiga jera reza a kai guda: biyu a 1971, uku a 1998, biyar a 2006, kowane da tallar cewa wanda ke hannunka ya zama tsohon yayi. Da aka kai biyar sai jikoki suka ce a'a, ashe kaka ne mai gaskiya.

To, rezar kanta da arha, wannan ba musu. Matsalar 'yan rakiyarta ne. Sai ka sayi buroshi na gashin dabbar daji da za ka kaɗa kumfa, da kwanon kaɗawar, da sabulun Italiya, da na Ingila don kada na Italiya ya yi kaɗaici. Sai rezar Feather ta Japan saboda kaifi, da Astra don ranar da fata ba ta son wasa. Gidan reza ɗaya kuma ba ya isa. Dole a nemi Fatboy, wanda Gillette ya fitar a 1958, mai lamba 1 zuwa 9 da ake murɗawa gwargwadon jarumtar mutum. Akwai ma harafi da lamba a ƙarƙashin kan da ke nuna shekarar ƙira, saboda haka sai ka ga dattijo ya hana idonsa barci yana neman wanda aka ƙera a shekarar haihuwarsa. Haɓa ɗaya, gidan reza ya cika durowa. Su da kansu sun yarda ciwo ne, har suna suka raɗa masa.

Askin kansa darasi ne. A jiƙa fuska da ruwan ɗumi, a shafa kumfa, a karkata reza, kada a danna, nauyin ƙarfen ya isa. Zagaye na farko a bi kwanciyar gashi, na biyu a gitta, na uku a yi masa kishiya. Sabon shiga yakan fito banɗaki bayan rabin awa, wuya duk ɗigon jini, ya ɗauki hoto ya sa a intanet yana cewa bai taɓa jin daɗin aski irin na yau ba. Maganin tsai da jinin kuwa alif ne, wannan dai da ake jefawa a randa don ruwa ya kwanta, sai dai nasu a cikin kwali yake zuwa.

Yayin ya fara leƙo mu. Wani ɗan boko da na sani, wanda ya daina zuwa wurin wanzamin unguwarsu tun da ya sami aikin ofis, ya yi odar nasa da dala. Wanzamin nan fa ruwa ne da sabulu da aska da fatar wasa ta, abin da Turawan ke biyan kuɗi su koya a bidiyo. Da kayan suka iso, uwargida ta juya su, ta ce, "Baban Ummi, wannan ba irin na marigayi Baffa ba ne da muka bayar aka yi musanye da bokitin roba?"

Bai ce komai ba. Washegari dai an gan shi yana tsai da 'yan gwangwan a bakin layi yana tambayar ko sun tuna gidan.