Barewa Ba Ta Duba Takardar Haihuwar Harsashi

To, ga ka nan ka yatsina fuska tun ban buɗe baki ba. Ka ce harsashin da aka fitar a 1895 ya tsufa, a kai shi gidan tarihi? Haba malam! Harsashin .30-30 na Winchester ke nan kake rainawa, wanda maharba a dazuzzukan Amurka suka shafe fiye da shekara ɗari suna cika tukunya da shi. Ko kana nufin barewar can ta sake fata ne, ta koma yawo da sulke?

Ka ce ba shi da ƙarfi? Ɗan dalma mai nauyin giram 11, yana fita da gudun kusan mita 670 a daƙiƙa guda. Tsakanin haƙarƙarin barewa da huhunta fa ba katangar siminti ba ce. Idan ya ratsa huhu biyu, ko ya taɓa zuciya, dabbar ba ta yin nisa take faɗuwa. Tausayin da kake ta wa'azi a kai ai nan yake.

Na san inda za ka ɓullo: magnum! Tun da .300 Winchester Magnum ya fito a 1963 wasu suka ɗauka duk abin da bai girgiza haƙora ba wasan yara ne. To bari in tona maka asiri. Bindigar da ke shurin kafaɗa kamar jaki tana koya wa mai ita tsoro. Kafin ya ja kunama ya runtse ido, ya ɗan zabura, saiti ya goce, harsashi ya sauka a tumbi. Barewa ta shige duhuwa da hanji a fashe, ta kwana tana wahala. Ƙarfin ya amfane ta da me? Shi kuwa tsohon maharbi mai .30-30 da tsohuwar bindigarsa Model 1894, wadda John Browning ya tsara, ya san ta kamar yunwar cikinsa. Ba ya ƙyafta ido.

Ka ce ai barewa ƙarama ce, shi ya sa? Je ka Suwidin. Harsashinsu 6.5x55, sa'an .30-30 ne a shekaru, da shi suke kayar da mus, ƙatuwar dabbar dawa da ta kai doki girma. Baturen nan Bell, da ake wa laƙabi da Karamojo, ɗaruruwan giwaye ya kashe da 7x57 na 1892. Ban ce ya kyauta ba, amma dai giwa ce, malam, ba zomo ba.

Yanzu zan ba ka naka, kada ka ce na cika son kai. Kan harsashin .30-30 a daƙushe ake yin sa, domin a jere suke cikin bututun ajiyar harsasai, hancin wannan a bayan wancan. Da mai tsini ne, sai ya tayar da na gabansa. Wannan dakushin ke sa iska ta cinye gudunsa da wuri. Ya wuce yadi 150 zuwa 200, ya fara sunkuyawa. A Sikotilan ma, inda ake harbi daga nesa a kan tsaunuka, dokar farautar manyan barewa na neman gudun da harsashin .30-30 da aka saba sayarwa bai kai ba.

Ka ce ka ci gardama ke nan? Sannu da ƙoƙari. Mai .30-30 sai ya rarrafa, ya bi iska, ya matso kusa kafin ya harba. Kai da magnum ɗinka, yaushe rabon gwiwarka da ƙasa?