Ledar da Muke Ɓoyewa a Ƙasan Bola

A benenmu na Bronx babu matar da ta taɓa sayen daskararren ƙullun burodi. Ki tambayi kowa. Daga hawa na ɗaya har na shida, da 'yan Kano da 'yan Damagaram da 'yan zangon Kumasi, kowacce za ta dafa ƙirji ta ce ita da hannunta take kwaɓi, haka ta tashi ta ga ana yi a gidansu. Amma ranar Juma'a da yamma ki leƙa firizar babban kantin unguwa, ki ga ko za ki sami leda ɗaya. Aljanu ne dai ke kwashewa.

Ga wadda ba ta san shi ba, ƙullu ne da kamfani ya riga ya kwaɓa, ya zuba yis, ya mulmula curi-curi ya daskarar. Kowane curi giram 454 ne, ana zuba uku ko biyar a leda, na Rhodes aka fi gani. Amurkawa kan murza shi su yi burodin kirfa, kuma ba sa jin kunyar faɗa. Mu yara ne suka ja mu ciki. An je sayen takalman makaranta, an bi ta gaban Cinnabon, ƙamshin kirfa da bota ya daki hancinsu, shi ke nan babu sauran zaman lafiya. Tun 1985 da shagon nan ya fara a kusa da Seattle yake kama mutane ta hanci. Uwa mai 'ya'ya biyar ta lissafa kuɗin guda biyar, ta ce wallahi a gida za a yi.

Masu kunya sosai ba sa saye a unguwa. Maza suke aika, su tsaya a wani kanti mai nisa in sun taso daga aiki. Haka Alhajin hawa na uku da Baban 'yan biyu suka yi kiciɓis a gaban firiza ɗaya a Yonkers, kowa da hoton ledar a wayarsa. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi aiki da sanyi, kowa ya ɗauki kayansa ya kama gabansa. Har yau babu wanda ya tayar da maganar. Ledar kuwa, in an gama da ita, can ƙasan bola ake cusa ta a ɗora ɓawon albasa a kai.

Tunda babu mai saye, duk wata shawara a bakin wasu ake jingina ta. "Ni dai na ji masu saye na cewa," in ji Hajiya Babba, wadda ta riga mu duka zuwa ƙasar nan, "a shafa masa mai, a rufe da leda, a bar shi a firij ya kwana." Masu sayen sun yi gaskiya. Sanyin firiza kwantar da yis yake yi, kuma a hankali ake so ya farka. Wadda ba ta yi tanadi tun dare ba, sai ta ajiye shi a teburin kicin awa biyu zuwa uku, har ya yi laushin da yatsa zai lotsa shi amma da sauran sanyinsa. Amaryar hawa na biyar da dangin miji suka yi mata sallama ba shiri, maikurowef ta jefa curin. Gefe ya dahu, ciki ƙanƙara. Yis kuwa in zafi ya kai digiri 60 a ma'aunin gida ya mutu, babu mai tashinsa. Abin da ya fito daga obin ranar, ango ne kaɗai ya yaba.

Sai murji. Rabinmu da wankakkiyar kwalba muke yi, abin murzawa na katako yana cikin kayan da kullum ake cewa za a saya. A barbaɗa fulawa kaɗan, a buɗe shi mai kusurwa huɗu, tsawo kamu ɗaya, faɗi taƙi ɗaya da 'yan kai. Ƙullun nan da taurin kai yake, ki murza ya tsuke ya koma. Danƙon alkama ne ya ɗaure, in an rufe shi an ba shi minti goma zai saki da kansa. Maman 'yan biyu ba ta da wannan minti goman. Danne shi take da ƙarfin tuƙin tuwo tana yi masa faɗa, har maƙwabta su ɗauka da yaran take.

Sai abin da ake shafawa a kai. Takardar girki ta ce bota kwatan kofi, jan sukari rabin kofi, kirfa babban cokali ɗaya. Mu ido ne mudunmu. Abu ɗaya dai da duk muka yarda da shi bayan an sha wankin faranti: botar ta yi laushi kawai, kada a narkar da ita, don narkakkiya tsiyayewa take ta kwashe sukarin ta kai ƙasan faranti ya ƙone. Jan sukarin nan na kanti galibi farin sukari ne da aka cuɗa da baƙin ruwan rake, shi ya sa yake da damshi. Anti 'yar Zariya ta raina shi. Mazarƙwailar Maƙarfi take gurzawa, wadda ta ɗauko a akwati tana lallaɓa ta wata da watanni, kuma tsakani da Allah nata ya fi na kowa ƙamshi. Ba ma faɗa mata, don kanta ya riga ya isa girma.

Kuma hannunmu ba ya iya tsayawa a kirfa kaɗai. Sai an ɗan sa citta. Sai an daka kanumfari. Yaya 'yar Damagaram tana yayyanka dabino ta watsa gyaɗa. Ni ina bayan kanumfari in bai wuce ɗan tsunkule ba, ina bayan dabino ɗari bisa ɗari. Amma wadda ta sa masoro, Allah ya shirye ta, ba kunun kanwa ake damawa ba.

Kirfar ma iri biyu ce, kuma Hajiya Babba ba ta gajiya da karanta mana. Akwai ta Siri Lanka, mai siririn ɓawo da sanyin ƙamshi, ga tsada. Akwai ta Indunusiya da Biyetnam da Sin, mai kauri da ɗan yaji, ita ce ta cika kantunan Amurka, ita ce kuma wadda hancin yaran ya sani. Don burodin nan mai arhar ta fi, domin ƙamshinta ne ke iya ratsa bota da sukari. Sai dai a tsaya ga shafa ta a sama. Wadda ta ce bari ta ƙure daɗi ta cuɗa kirfa mai yawa cikin ƙullun kansa, ta kwana jiran tashi, saboda kirfa na rage wa yis kuzari.

A naɗe daga ɓangaren tsawo, ba da matsi sosai ba, in an matse tsakiyar ce ke tsirowa sama a wuta. A tsunkule bakin a liƙe. Wajen yanka ne kowacce ke ji da kanta. Wuƙa danne naɗin take ta ɓata zanen, don haka zare ake zurawa ta ƙasa, a harɗe bakinsa biyu a sama a ja, ya yanke tsaf. Guda goma sha biyu ake fitarwa. Zaren kitso, zaren ɗinki, duk mun gwada. Amaryar nan dai ta sake: zaren sakace ta samu, mai ɗanɗanon na'ana'a.

Daga nan sai jira, a jera su a farantin da aka shafa wa mai da ɗan tazara, a rufe har su ninka su haɗa kafaɗa. A nan birnin New York ya yi mana rana. Daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu doka ta wajabta wa masu gidajen haya su ba da ɗumi in sanyi ya sauka, kuma tsofaffin bututan benenmu in sun tashi aiki sai an buɗe taga. Kusa da bututun ake ajiye farantin a kan kujera, ba a kansa ba. Minti arba'in zuwa awa ɗaya ya isa. Ranar da bututun ya yi shiru kuwa, ƙullu ne ke fara sanar da mu kafin mu kira mai gida.

Gashi a 350, minti ashirin zuwa ashirin da biyar, har sama ya yi ja-ja. Wannan 350 ɗin ta taɓa haɗa faɗa ta waya. Maman 'yan biyu ta karanta wa ƙanwarta da ke Kano, ƙanwar ta duba obin ɗinta ta ga lambobin sun ƙare a 250, ta ce Yaya ba kya so in iya ne kawai. Ma'aunin zafin Amurka daban ne, 350 ɗinsu wajen 180 ne a na gida. Ita ƙanwar ma da hannu take kwaɓa nata, da gaske ba irin namu ba, don a inda wuta ke zuwa tana tafiya babu mai amanar ajiye ɗanyen ƙullu a firiza.

Farin abin da ake kwararawa a kai sukarin gari ne kofi ɗaya da madara cokali biyu, mai hali ta ƙara cukun Philadelphia da bota. A zuba da sauran ɗumi don ya bi lungunan. Fanilar da ake ɗigawa a ciki ce ta raba benen gida biyu. Matar Malam ce ta juya kwalbar ta karanta mana, ashe dokar Amurka ta ce ruwan fanila na asali sai barasar cikinsa ta kai kashi 35 cikin ɗari. Aka yi salati. Wasu suka ce wuta na kore ta, Matar Malam ta ce to wannan da ba ya shiga wuta fa? Yanzu mafi yawanmu garin fanila muke saye ko wadda aka rubuta babu barasa. Ita ce kuma ta koya mana duba bayan leda don man alade, ledar da ba ta taɓa saya ba.

Wadda ta tona mu maƙwabciyarmu ce 'yar Dominika. An kai mata faranti, ta gutsura ta lumshe ido, ta tambaya a gaban kowa ko na Rhodes ne, don ita ma shi take saye. Wajen nan ya yi tsit. Hajiya Babba ta ce ba ta jin Turancin matar nan sosai.

Ni ban ga abin ɓoyo ba. Da injin niƙa ya shigo garuruwanmu an ce tuwon inji ba ya daɗi, an ce matan zamani sun lalace, yau wa ke surfe da niƙa a dutse don a yaba mata? Matar da ta kwana tana jinyar tsofaffi, ta dawo ta shirya yara makaranta, in leda ta ɗauke mata kwaɓi ai sai godiya. Aibin ƙullun ɗaya ne: na burodi ne, ba shi da wadatar bota da ƙwai, don haka in ya kwana yakan yi tauri. 'Yan matanmu sun gano a TikTok cewa in an zuba rabin kofin kirim a kai kafin gashi, laushinsa na daɗewa. Amma wane kwana? Faranti ɗaya ake rabawa gida huɗu, kuma kwano ba ya komawa fanko, ya tafi da burodin kirfa ya dawo da waina.

Maza sun ce abincin yara ne. Alhajin hawa na uku ma likita ya hana shi zaƙi, shi ya sa gefe kawai yake ɓalla, wajen da ba sukari sosai. Ya ɓalli gefen wannan, ya ɓalli gefen wancan, sai ya ga tsakiyar ta zauna ita kaɗai ba kyan gani. "Hajiya," ya ce, "wannan ai almubazzaranci ne a bar shi haka. Miƙo min shayin."