Ku da Dala, Ni da Farin Ruwa

Tun da na ce na je Farin Ruwa, abokan wasana Kanawa suka hana ni sakat. Wani cewa ya yi, "Malam, ka ƙona mai tun daga Zariya har Wamba don ka ga ruwa yana zubowa? Ka zo gidana da damina mana, indararona ma yana yi, kuma kyauta."

To Alhaji, na ji. Amma indararon naka mita nawa ne? Wannan daga kan dutse yake sakowa, kusan mita 150. Victoria ɗin nan da Turawa ke kashe dala su je gani tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, mita 108 ne. A faɗi kam ya fi namu nesa ba kusa ba, ban musa ba. A tsayi kuwa na Nasarawa ne yaya.

Na san abin da ke damunku. Mutumin da ya tashi bai san wani tsauni ba sai Dala da Goron Dutse, in an ce masa akwai inda ruwa ke faɗowa daga tsaunukan Filato har ya zama fari fat, dole ya ɗauka tatsuniya ce. Sunan ma daga nan ya fito. In ka hango shi daga nesa, sai ka rantse wani basarake ne ya warware rawaninsa ya shanya a jikin dutse.

Zuwan ne fa aiki. Daga Akwanga ka kama hanyar Wamba, kwalta ta ƙare, ka shiga burji, burjin ma ya sallame ka. Sauran sai a ƙafa, cikin kurmi. Ni da nake muku dariya, da sau-ciki na je, sabo, na Sallah. Yaron ƙauyen da ya yi mana jagora ya dubi ƙafata ya ce, "Baba, da wannan za ka shiga?" Na ce ya wuce mu je. Ba mu yi nisa ba gansakuka ta kwashe ni, na zauna daɓas a gaban yara. Wannan kada wanda ya kai labarinsa Kantin Kwari.

Tun kana cikin itatuwa za ka fara jin rugugi kamar hadari ya taso, alhali sama tas. Kana matsowa feshin ya jiƙa ka sharkaf, sanyi ya ratsa ka, wanda ke kusa da kai sai ya yi ihu kafin ka ji shi. Nan na manta da ciwon ƙugu.

Wata Hajiya ta ce wurin aljanu ne, amma ni dai ban gamu da ko ɗaya ba, sai dai in su ne suka ja min ƙafa.

Ga inda gizo ke saƙar: a Agusta da Satumba, lokacin da ruwan ya cika ya batse, a lokacin hanya ke zama kunu. Da rani hanya lafiya lau, ruwan kuma ya rame.

Da na nuna wa Alhaji hoton a waya, ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba. Na ce yau na kama shi. Can ya ɗago ya ce, "Yanzu duk wannan ruwan, babu mai ɗurawa a leda?"