Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam Filogi

Malam Filogi, mazaunin kan injin yankan ciyawa,

Ya damina, ya kuma zafin wurin zama? Na rubuto ne da yawun masu yankan ciyawa a gidajen manya da filayen ƙwallo, mun kawo ƙararka wurinka.

Duka-duka tsawonka bai wuce ɗan yatsa ba, amma ranar da ka tashi da fushi, ƙato zai yi ta jan igiya har kafaɗa ta sage, inji ya yi tari ya yi shiru, maigida kuwa yana leƙe ta taga. Mun san gidanku babba ne. Tun 1902 sunanka ke cikin rajistar kamfanin Bosch na Jamus, danginka na NGK kuma mutanen Nagoya ne ta ƙasar Japan. To amma aikin naka guda ne tak: wuta mai ƙarfin volt dubu goma ko fiye ta tsallake ratar da ba ta kai milimita ɗaya ba, ta kunna fetur. Ina abin yanga a nan?

Fushin ma da sauƙi. Abin da ke ci mana rai shi ne tonon asiri. Da zarar bakanike ya kwance ka ya dubi bakinka, sai ka zayyana masa komai. In ka fito baƙi ƙirin da busasshen hayaƙi, ka gaya masa ƙurar hunturu ta toshe filtar iska, ko an manta cok a rufe. In ka fito jiƙe da baƙin mai, ka ce an cika wa inji mai ya wuce ƙima, ko an kishingiɗe shi ta gefen da bai dace ba. In fari fat, ka ce fetur ya yi kaɗan, zafi ya yi yawa. Sai ka fito ruwan ƙasa-ƙasa mai inji ke fita kunya. Haba Malam! Ko maƙwabciya mai tsegumi ai takan rage wani abin.

To ga sulhu. Daga yau za mu bar inji ya huce, mu cire maka hula, mu share dattin da ke kewaye da kai kafin sifana ta taɓa ka, kada yashi ya faɗa cikin silinda. Za mu goge ka da burushin waya, mu daidaita ratarka tsakanin milimita 0.7 da 0.8. Wajen mayarwa da hannu za mu fara murɗa ka don kada haƙora su goce, sannan sifana ta ɗan ƙarasa. Fetur ɗin da ya kwana a tanki tun bara ma mun yafe shi. Ranar da farin tangaranka ya tsage ko bakinka ya cinye, za mu yi maka ritaya cikin mutunci.

Kai kuma abu biyu muke roƙo: ka amsa a ja na farko, in ya yi tsanani na biyu, sannan ka riƙa kama bakinka a gaban bakanike. In ka ƙi, muna sanar da kai cewa ƙanenka yana nan sabo fil cikin kwali a shagon kayan gyara, kuma ya daɗe yana neman aiki.

Wassalam.

Naka mai ciwon kafaɗa,
Wani mai yankan ciyawa