Yaƙi da Rana a Suwidin

A Stockholm, rana kan fito wajen ƙarfe 3:30 na dare a watan Yuni. Babba ya duba agogo ya koma barci. Ɗan shekara biyu kuwa ina ruwansa da agogo? Haske ya shigo, ya kori melatonin, sinadarin da ke kawo barci, to gari ya waye, a ba shi abin kari.

Sai iyaye su ɗaura ɗamara: labule mai kauri, kwali, baƙar leda, har takardar alminiyam a manne a gilashi, maƙwabta na zargin ko wiwi ake nomawa a ciki.

Ɗaki ya yi baƙi ƙirin, yaro na ta sharar barci. Uban ya shigo da lalube don ya duba shi, ya taka kayan wasan yara na Lego ba takalmi, ihunsa ya tada gidan kaf.